Wuƙar da Na Ƙera wa Ragon Kirsimeti

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Kirsimetin bara waccan ba, ko da yake Allah ya sani na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Da ni kaɗai na san abin da ya faru, da tuni na binne shi. To amma rabin mutanen layinmu a Sabon Gari sun gani da idonsu, sauran rabin kuma sun ji labari, har wasunsu sun fi waɗanda suka gani iya ba da shi. Tunda haka ne, gara mai karatu ya ji daga bakina, a tsare, ba tare da gishirin da mutane suka ƙara masa ba.

Ni tsohon shugaban makarantar firamare ne, na yi ritaya. A wata makarantar mishan ta ƙasar Zazzau na yi karatu, a zamanin da ake duba farcen yaro da wuyan rigarsa kafin a duba littafinsa. Da wannan tarbiyya na zo Kano, da ita na koyar, da ita kuma na tsufa. Ba na ƙaunar aikin da aka yi rabi da rabi. Hoton da aka rataya a karkace yakan hana ni cin abinci. (Matata, Maman Ishaya, takan ce da ni aka ba aikin shirya taurari, da an jera su layi-layi, gajeru a gaba.)

A gidanmu akwai wata al'ada da muka daɗe a kanta. Mu Kirista ne, amma ragonmu na Kirsimeti Musulmi ne yake yanka shi, domin maƙwabta da abokan arziki su ci hankalinsu kwance. Mai yankan kuwa aminina ne, Alhaji Bukar, wanda iyayensa suka zo daga Barno suka zauna a Fagge tun kafin a haife shi, yana da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari. Tun muna da baƙin gashi muke tare. Ranar Babbar Salla cinyar ragonsa takan zo gidana, ranar Kirsimeti kuma kwanon farko da ya fita daga madafarmu Fagge yake nufa. Ƙa'idar guda ce: wuƙa daga gidana take fitowa. Alhaji ba ya ɗauko tasa, domin tun da gari ya taɓa shiga wani hali kowace coci takan sa masu gadi a ƙofa ranar biki, ana lura da mai shiga da mai wucewa, kuma mutum mai hankali ba ya ratsa Sabon Gari a irin wannan safiya da wuƙa a aljihu.

A Kirsimetin da ya gabaci wanda nake ba da labarinsa, wuƙar da muka miƙa masa ta kasuwa ce, irin mai ƙyalli a ido da lanƙwasa a aiki. Da ƙyar ya ƙarasa yankan. Yana wanke hannu ya ce mini, "Hedimasta, yau Allah ne ya rufa asiri. Ka san a wurinmu idan wuƙa ta ba da kunya a tsakiyar yanka, mutum ya ɗaga hannu ya tafi neman wata, to rago ya zama mushe. Ko tsoka ɗaya ba za ta shiga gidana ba, kuma kai ka san Hajiya, tun jiya ta hana yara cika ciki."

Da dariya ya faɗa. Ni ban yi dariya ba. A kunnena, an ce gidana ya gaza.

Na ce, "Alhaji, baɗi war haka, in Allah ya kai mu, da wuƙar da na ƙera da hannuna za ka yi yanka."

Ya dube ni daga hula har takalmi. Ya ce, "Kai ɗin? Bazazzagin da bai taɓa riƙe abin da ya fi alli nauyi ba?"

Na sanar da shi cewa a makarantarmu an koya mana aikin hannu, har da ƙira, a wurin wani Bature mai jan wuya. (Gaskiya ne an koya mana. Abin da ban faɗa ba shi ne, aikina a wannan darasi bai wuce riƙe wa Baturen awartaki ba, kuma tun daga lokacin an yi fiye da rabin ƙarni.)

Bayan damina ta ɗauke na fara gina maƙera a bayan gida, tsakanin tankin ruwa da katanga. Jan bulo na jera, na shafe cikinsa da laka, na sa bututun ƙarfe ta ƙasa domin iska ta shiga. Maimakon zugazugin fata, na kafa tsohuwar ƙafar keke mai juya ƙaramar fanka, kamar yadda nake gani a bakin hanya. Na rushe ginin na sake fiye da sau ɗaya saboda kusurwa ɗaya ta ƙi daidaita, ko da yake na san wuta ba ruwanta da kusurwa. A wurin 'yan gwangwan na samo sifirin na tsohuwar mota, wanda daga shi za a fitar da wuƙar, da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi na babbar mota da zai zama uwar maƙera, wato abin da ake dukan ƙarfe a kai. Gawayi kuwa sai da na zauna na ware shi, manya daban, ƙanana daban.

Maman Ishaya ce mai juya ƙafar keke. Ba da son ranta ba.

"Malam," in ji ta, tana kare fuska daga hayaƙi, "mutane in sun yi ritaya kiwon kaji suke yi."

Na ce, "A hankali kike juyawa. Wutar tana bukatar iska daidai wa daida."

"To zo ka juya, ni in daki ƙarfen. Na fi ka sanin duka, ni nake daka sakwara a gidan nan."

Ba zan ɓoye ba, ƙarfe ya wahalar da ni. Ka ciro shi ja wur, kafin ka gama shawarar inda za ka doka ya huce. Ƙoƙarina na farko ya fito kamar busasshen kifi. Na biyu ya murɗe ya zama abin da ba ni da sunan da zan kira shi. Kafaɗata ta kumbura, na ƙona gira ɗaya, maƙwabciyarmu ta bene, Madam Nkechi, ta sauko ta nuna mini farin zanen gadonta da hayaƙina ya mayar ruwan toka. Amma a hankali guduma ta fara jin maganata. Ana shiga watan Kirsimeti na sami abin da nake so: doguwar wuƙa, miƙaƙƙiya, bayanta mai kauri, bakinta siriri. Na bi ta da magagari har babu sauran tabon guduma ko ɗaya.

A nan ne bakina ya fara yi mini aiki. Na ambaci wuƙar a taron dattawan coci. Na ambace ta ga shugabar zumuntar mata, Mama Rifkatu, wadda duk abin da ya shiga kunnenta da safe ya gama unguwa kafin la'asar. Na ma yi wa mai sayar mini da jarida bayani a kan lalacewar sana'ar hannu a ƙasar nan.

Saura mataki na ƙarshe, wato ƙarfafa ƙarfen. Ana mayar da wuƙa wuta ta yi ja, sannan a tsoma ta farat ɗaya cikin abu mai sanyi, sai ta yi tauri ta riƙe kaifi. Na tuna Baturenmu cikin mai yake tsoma irin wannan ƙarfe. Na je wurin wani bakanike ya nuna mini baƙin man da aka juye daga inji, na leƙa cikin jarkar, na ce wuƙar da za ta taɓa abincin mutane ba za ta shiga wannan ƙazanta ba. Na dawo gida na nemi man gyaɗa.

Maman Ishaya ta tsaya a ƙofar madafa ta riƙe ƙugu. "Man da zan soya naman Kirsimeti da cincin? Ka tsoma ƙarfen mota a ciki? Malam, na juya maka keke, na sha hayaƙi, na ba Madam haƙuri. Man nan kam a'a."

Sai na yanke shawarar da a lokacin na ɗauka ta fi duka tsabta. Na ɗebo ruwa mai sanyi daga randa, na tace shi, na cika bokiti. Na gasa wuƙar ta yi ja kamar gauta, na tsunduma ta. Ruwa ya yi cuuu, tururi ya tashi. A cikin wannan ƙara na ji wani ɗan sauti, siriri, ƙyas, kamar an taka ƙwan fitila a ɗaki na uku. Na tambayi Maman Ishaya ko ta ji wani abu. Ta ce ita ba ta jin komai sai bayanta.

Na goga magagari a bakin wuƙar, ya zame kamar a kan gilashi, bai ci ko kaɗan ba. Daɗi ya kama ni. Na kuma tuna sarai cewa akwai sauran aiki: Baturen yakan sake ɗumama wuƙa a wuta mai laushi har ta yi ruwan zuma, domin a rage mata tauri kaɗan kada ta yi gautsi. Na tuna, ban manta ba, wannan ina so mai karatu ya riƙe. Sai dai na zauna na yi wa kaina hujja. Na sha wahala na sami tauri cikakke, don me zan rage shi da hannuna? Ban da haka, ɗumamar za ta ɓata mata launi. Na tsallake matakin. Na yi mata ƙota da itacen maɗaci, na ɗaure da ƙusoshin tagulla, na wasa ta har ta aske gashin hannuna.

Ranar jajibere da hantsi na fito da ita tsakar gida domin gogewar ƙarshe. Rago na ɗaure a gindin tanki yana cin harawa, fari ne mai baƙin kunne. Na ɗaga wuƙar ga hasken rana, sai na ga kamar silin gashi ya kwanta a kanta, daga baki zuwa tsakiya, ɗan nesa kaɗan da ƙota. Na hure shi. Bai tashi ba. Na goge da tsumma. Yana nan. Na sa farce, farcen ya ɗan sarƙe.

Na san ko mene ne. Wannan shi ne ƙyas ɗin da na ji a bokiti.

Na zauna a kan turmi ina lissafi. Wataƙila tsagar a sama kawai take. Wataƙila za ta jure yanka ɗaya, ai wuyan rago ba dutse ba ne. Wataƙila kuma ta karye a daidai lokacin da ta shiga rabi, Alhaji ya tashi da ƙota a hannu, ragon na shure-shure, a rasa wata wuƙar kirki a kusa, ragon da na yi wata da watanni ina kiwo ya zama mushe, kwanon Fagge ya tafi babu nama karo na farko tun da muka san juna. Na dubi ragon, shi ma ya dube ni yana tuƙa.

Na sa hula na tari Adaidaita Sahu zuwa Kantin Kwari, da niyyar in gaya wa Alhaji gaskiya. Kasuwar ta cika maƙil, masu ɗaukar diloli suna ta "hanya, hanya," mata suna ta cinikin atamfar ƙarshe kafin biki. Duk hanya ina shirya jimlolina. Ina isa ƙofar shagon, kafin in gama sallama, Alhaji ya miƙe ya ɗaga murya.

"Jama'a, ga shi nan! Ga Sarkin Maƙeran Sabon Gari!"

Maƙwabtan shagonsa suka fito suna miƙo mini hannu. Ashe ya daɗe yana ba su labari. Wani ya ce in an gama biki yana son ta yankan layya. Wani ya tambaya ko ina yin almakashi. Alhaji ya sa hannu ƙarƙashin kantar shagon ya ciro kube na jar fata, an yi masa ado da zare kore, ya ce shi ya sa baduku ya ɗinka musamman.

"Na yi maka ba'a bara, Hedimasta, na ce alli kawai ka iya. Ka ga, na janye. Wuƙar kirki ba ta zama tsirara. To me ke tafe da kai cikin ranar nan?"

Na buɗe baki. Duk suna kallona da fara'a. Na ji kaina ina cewa, "Na zo ne in tuna maka ka zo da wuri gobe."

Ya ce, "Yau ka fara sanina? Da na idar da sallar asuba na karya kumallo, sai gidanka."

A hanyar komawa na sauka a kasuwar Sabon Gari, na ce to bari in sayi wata wuƙar mai kyau in ɓoye, ko da za a bukata. Na tsaya gaban wani mai kayan madafa, na kai hannu kan wata babba. Sai mai rumfar ya washe baki, ashe ɗan cocinmu ne. "Baba Hedimasta! Me za ku yi da wannan tarkacen? Ai Mama Rifkatu ta ce taku ko ta Ingila albarka." Na janye hannuna a hankali, kamar dama wucewa yake yi, na ɗauki ludayi. (Ludayin yana nan har yau. Muna da irinsa da yawa.)

Da yamma ban iya cin tuwo ba. Maman Ishaya ta tambaya ko zazzaɓi ne, na ce gajiya ce. Sau da yawa maganar ta zo bakina ta koma. Na kwanta ina gaya wa kaina cewa da safe zan sami dabara.

Gari ya waye ban sami dabara ba. Na yi wanka na sa kwat da lakataye, domin da an gama yanka coci za mu wuce, kuma ni ne mai karatun Littafi a sujadar ranar. Alhaji ya iso cikin babbar riga ruwan sararin sama. Masu riƙe rago su ne Dauda da Emeka, tsofaffin ɗalibaina, yanzu magidanta ne masu tumbi, ɗaya direban Adaidaita Sahu, ɗaya mai sayar da kayan gyaran mota. Kowace shekara sukan zo su taimaka su tafi da rabonsu. An haƙa ɗan rami domin jini. Maman Ishaya ta buɗe ƙofar gida wangam saboda maƙwabta masu son ganin wuƙar, suka kuwa shigo, har da Madam Nkechi da jikokinta.

Na zaro ta daga kube na miƙa da hannu biyu. Aka yi ta "kai, kai, kai." Alhaji ya juya ta, ya gwada a farcen babban yatsansa, ya ce, "Tabarakalla. Hedimasta, ashe da gaske kake." Idonsa bai kai ga tsagar ba, domin ba ya sa tabarau sai in zai duba waya. Ni kuwa ita kaɗai nake gani, kamar da jan biro aka ja ta.

Aka kayar da rago, aka fuskantar da shi gabas. Dauda ya danne ƙafafun baya, Emeka ya riƙe na gaba. Alhaji ya naɗe hannun riga, ya durƙusa, ya shafa wuyan ragon yana neman wurin. Zuciyata tana cewa yi magana, girman kaina yana cewa saura ƙiris a wuce wurin. Ya ɗaga wuƙar. Na ga leɓensa ya fara motsi da bisimilla.

"DAKATA!"

Ban san ina da sauran wannan murya ba. Ita ce wadda nake tsayar da makaranta guda da ita a filin taro. Na yi tsalle na fizge wuƙar daga hannun Alhaji. Dauda da Emeka kuwa, mutane masu 'ya'ya a sakandare, suka saki ragon suka miƙe zumbur, hannaye a gefe, ƙirji a gaba. (Daga baya Dauda ya rantse mini cewa shi bai san ya tashi ba, jikinsa ne ya tuna.)

Rago ba ya jiran bayani. Ya wuntsila, ya bi ta tsakanin ƙafafun Madam Nkechi, ya fice ta ƙofar da aka bari a buɗe.

Abin da mai hankali zai yi shi ne ya ajiye wuƙa ya ce samari su bi. Ni sai na bi shi da kaina. Ban ma san tana hannuna ba. Mai karatu ya dubi hoton: tsoho mai furfura cikin baƙar kwat, lakataye na kaɗawa ta bayan kafaɗa, doguwar wuƙa tana walƙiya a sama, yana gudu a titin Sabon Gari da safiyar Kirsimeti yana ihu, "Ku tare shi! Kada ya tsere!"

Ragon ya sha kwana ya shiga wani lungu. Ni da na iso kwanar ban gan shi ba, na miƙe. Abin da ke gabana shi ne matan zumunta, sun yi anko, suna tafe a jere da waƙa za su shiga cocinmu. Su ba su ga rago ba. Ni suka gani.

Waƙa ta koma kururuwa. Jakunkuna suka zube, wata ta bar takalmi ɗaya, wata ta faɗa rumfar mai shayi. Samarin da ke gadin ƙofar coci suka yo kaina, babbansu ya ɗaga sanda yana cewa, "Saki wuƙar! Saki, na ce!"

Ni mutum ne mai bin doka. Na tsaya cik, na buɗe hannuna. Wuƙar ta faɗi a kan sumuntin kwalbati, daga tsayin da bai wuce ƙuguna ba. Ta yi ƙara irin ta farantin tangaran, ta tarwatse. Tsinin ya yi gefe guda, tsakiyar ta gangara cikin kwata, ƙotar maɗaci da ƙusoshinta na tagulla ta mirgino ta tsaya a kan takalmina.

Mama Rifkatu ta leƙo daga bayan wata mota, ɗankwalinta a karkace, ta gyara tabarau.

"Baba Hedimasta? Ku ne?" Ta dubi ƙasa. Ta sake dubana. Sannan, da muryar da take ba da sanarwa a coci, ta ce, "Wannan ita ce wuƙar?"

Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na gode mata na shiga, na kuma ja ta na rufe.

Alhaji ne ya cece ni. Ya iso yana haki, ya tattare babbar riga a kafaɗa, ya yi wa masu gadi bayani cewa rago ake bi, ba mutum ba, kuma wannan dattijo shi ya koya wa iyayen wasunsu karatu. Babbansu ya sauke sanda yana ta "yi haƙuri, Baba," yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. Alhaji ya sunkuya ya ɗauki ƙotar da ɗan guntun ƙarfen da ya rage a jikinta, ya ciro tabarau ya duba bakin karayar. Wani sashe nata fari ne tas, wani kuma ya yi duhu, alamar tsagar ta daɗe. Shi ɗan kasuwar tufa ne, ba maƙeri ba, amma ya san bambancin sabuwar yaga da tsohuwa.

A hankali ya ce, "Yaushe ka gani?"

Na ce, "Jiya da hantsi."

"Jiya? Kafin ka zo Kwari?"

Na sunkuyar da kai kamar ɗan aji uku.

Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya dafa motar da Mama Rifkatu ta ɓuya a bayanta. Da ya sami numfashi ya ce, "Hedimasta, da ka bari na ɗora ta a wuyan nan, da yau gidana shinkafa tsura za a ci. Ka yi daidai da ka hana. Sai dai ka yi shi a makare, ka kuma yi shi da ƙarfi."

Dauda da Emeka suka kamo ragon a bayan wani shagon ɗinki yana cin ɓawon lemo. Madam Nkechi ta hau bene ta sauko da wuƙar da take yanka kaji da ita, Alhaji ya wasa ta a bakin dakali, ya yi bisimilla, ya gama yankan lafiya lau, ni kuma ina tsaye can nesa, hannayena a baya, an roƙe ni kada in ce komai. Kwanon Fagge ya tafi da nama. Na shiga coci a makare, abin da ban taɓa yi ba, na hau na yi karatuna ina jin ɓangaren mata yana ta tari irin wanda ba na mura ba.

Na yi shekaru ina gaya wa yara cewa wanda ya yi kuskure ya ɗaga hannu ya faɗa nan take. Ashe ban san dalilin ba sai da na tsufa. Da na faɗa ranar jajibere a tsakar gida, mutum ɗaya ne zai yi mini dariya, kuma na riga na saba da dariyarta. Da na faɗa a Kwari, 'yan shaguna kaɗan ne. Na ce kunyar ta tafi ta dawo gobe, ta kuwa dawo a kan lokaci, sai dai ta gayyato unguwa guda. Yanzu duk abin da na ga ya tsage, ina faɗa tun masu sauraro ba su taru ba.